Wanda Ya Ji Tausayin Yunfa Bai Yi Laifi Ba

A zaurukan karatu na Gwandu, kamar na sauran garuruwan ilimi a ƙasar Hausa, yadda ake karanta littafin waƙa na Larabci bai sauya ba tun zamanin kakanni. Ɗalibi ya durƙusa gaban malam, ya buɗe warƙoƙinsa a kan buzu, ya ja baiti guda; malam ya bi shi kalma bayan kalma yana warwarewa da Hausa, ɗalibin yana amsawa da "na'am", sauran masu jiran nasu karatun suna jingine da bango sun kasa kunne. Idan littafin Tazyinul Waraƙati ne, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara waƙoƙinsa a ciki a 1813, ba a jimawa sai an iso ranar Tabkin Kwatto, ranar da rundunar Gobir ta watse, Sarkin Gobir Yunfa ya juya linzami ya tsere. A nan fuskoki sukan saki, a yi hamdala, don an zo inda gaskiya ta yi halinta. Amma mai karatun da ya san abin da ya gabata da abin da ke tafe, ya san cewa wannan mai gudun mutum ne da ya taso yana ganin girman Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma shekara huɗu kacal suka rage masa a duniya, yakan ji wani abu ya tokare masa ƙirji a tsakiyar murnar. Yana ƙyamar abin da Yunfa ya aikata, yana kuma jin tausayinsa, sai ya haɗiye na biyun, domin a garin da hubbaren Abdullahi yake ba a saba jin an ce "Allah sarki Yunfa" ba. Ra'ayina shi ne wannan tausayin halal ne ga mai karatu, kuma malamin da ya tsawata wa ɗalibi a kansa ya zubar da rabin amfanin waƙar.

Bari in fara da ƙyamar, kada a ɗauka wanke Yunfa na zo yi. Ya hau gadon Gobir a farkon ƙarni na 19 bayan mahaifinsa Nafata, wanda ya riga ya kafa dokar da ta hana kowa wa'azi in ban da Shehu shi kaɗai, ta hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga, ta hana maza naɗa rawani, ta hana mata lulluɓi. Yunfa ya gaji dokar, bai kuwa sassauta ba. Marubutan jihadi sun ruwaito cewa ya kira Shehu fadarsa a Alƙalawa da mugun nufi, ya ɗana masa bindiga, wutar ta juyo ta ƙone mai harbin. Sai kuma Gimbana, garin Malam Abdussalami a ƙasar Kabi, inda dakarun Gobir suka auka wa mutanen da suka yi ƙaura don tsira da addininsu, suka kashe na kashewa, suka ɗaure na ɗaurewa, suka biyo da su ta gefen Ɗegel a gaban idon 'yan'uwansu. Da mutanen Shehu suka kwance kamammun, sai Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita daga Ɗegel da iyalinsa kaɗai ya bar jama'a a baya, saƙon da ko yaro ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Daga nan aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A ƙarshen wannan shekarar, a Tsuntsuwa, jama'a ta rasa mutum kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Mawaƙin da aka kashe masa abokan karatu da almajirai haka, ba adalci ba ne a nemi ya yi wa wanda ya jawo kisan laushin harshe. Duk wanda ya karanta wannan labari bai ji zafin Yunfa ba, da sauran gyara a zuciyarsa.

To, daga ina tausayin yake ɓullowa? Daga kusanci yake zuwa. Ruwayar da ta shahara a Sakkwato da Gwandu ita ce Yunfa ya yi karatu a gaban Shehu, kuma goyon bayan Shehu yana cikin abin da ya ɗora shi a kan gado. Ke nan wanda ake ba mu labarinsa ba baƙon arne ba ne da ya fito daga bayan duwatsu. Ɗan gida ne da ya zauna a kan buzu irin wanda mai karatu yake zaune a kai yanzu. Sannan a dubi irin ƙasar da ya gada. A ƙarshen shekarun 1780, da Bawa Jangwarzo ya tara malamai a filin idi na Magami ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a rage wa talakawa nauyin haraji. Bawa ya amince da duka, domin yana da ƙarfin da zai yi kyauta bai ji ya ragu ba. Yunfa kuwa ya tarar da gadon ya fara girgiɗi: Zamfarawa ba su manta cin ƙasarsu ba, gaba da Katsina tana nan, ga kuma wata jama'a a tsakiyar ƙasarsa da take ƙaruwa kullum, take sauraren wani bakin da ba nasa ba, ta fara tanadin makamai. Tsoro ne ya kama shi, tsoron da duk mai riƙe da wani abu ya san ɗanɗanonsa. An ruwaito cewa da ya ga yadda mutane ke tururuwa zuwa Gudu ya aika yana neman Shehu ya dawo, Shehu ya gindaya sharuɗɗan tuba da mayar da haƙƙin waɗanda aka zalunta, sai fadawa da malaman fada suka zuga shi ya ƙi. Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban yarda da karin maganar gaba ɗaya ba, tunda sarki ne ke zaɓen wanda zai ba kunnensa, amma daidai wannan wurin ne labarin yake ciwo: ƙofa ta kasance a buɗe, ya tsaya a bakinta, ya waiwaya, ya koma. A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello, Yunfa ya mutu a cikin birninsa.

Wannan cakuɗuwar ƙyama da tausayi ba a kanmu aka fara ba. A Ingila, John Milton ya fitar da doguwar waƙarsa mai suna Paradise Lost a 1667, bayan ya makance, yana faɗa ana rubuta masa, a kan faɗuwar Shaiɗan da fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna bisa ruwayar Kiristoci. Nufinsa ya bayyana adalcin Ubangiji, sai masu karatu suka tarar maganganun da ya sa a bakin Shaiɗan sun fi na mala'iku ƙarfi da armashi: ga taurin rai, ga ƙin miƙa wuya, ga raɗaɗin wanda ya san girman abin da ya rasa. Mawaƙi William Blake ya ga kamar zuciyar Milton ta karkata ga Shaiɗan bai ankara ba, kuma masu wannan ra'ayi suna da abin kafa hujja, domin Milton yana cikin ɓangaren da ya sare kan Sarki Charles a 1649, ya kuma rayu ya ga sarautar ta dawo a 1660, saboda haka ya san ɗacin tawayen da ya ci tura. C. S. Lewis ya ba su amsa a 1942, ya ce su bi Shaiɗan ɗin har ƙarshen waƙar su ga yadda yake ƙanƙancewa, daga jagoran runduna zuwa ɗan leƙen asiri, zuwa kwaɗo a kunnen mai barci, zuwa maciji. Stanley Fish kuma a 1967 ya kawo fassarar da ta fi gamsar da ni, cewa sha'awar da mai karatu ke yi wa Shaiɗan tarko ne da mawaƙin ya ɗana da gangan, don mutum ya kama kansa yana gyaɗa kai ga ƙarya mai daɗin ji, ya gane cewa faɗuwar da ake ba shi labari tana cikin jininsa. Ko a cikin Musulmi, Muhammad Iƙbal a waƙarsa ta Farisanci Jawid Nama ta 1932 ya ba Iblis baki, ya sa shi yana kukan cewa ɗan Adam na zamani ya yi masa arha, ba ya ko gardama kafin ya faɗi. Iƙbal bai yi haka don a so Iblis ba. Ya yi ne don mai karatu ya ji kunya.

Sai dai akwai inda kwatancen yake karyewa, kuma dole in faɗe shi a fili. Iblis ba abin tausayi ba ne ga Musulmi. Hukuncinsa ya zo a wahayi, ya saɓa yana sane, ya nemi jinkiri don ya ɓatar, kuma duk wata waƙa da za ta sa a ji ya burge tana wasa da wuta a gidan ciyawa. Abin da ya samu wasu masu karatun Milton, da suka fito daga littafin suna yabon mai tawaye, ya isa gargaɗi. Yunfa kuwa ɗan Adam ne, ya tafi ga Ubangijinsa, kuma ba mu ne za mu karanta masa littafinsa ba. Alƙur'ani da kansa ya nuna mana tausayi irin wannan da iyakarsa a wuri guda, a ƙissar Annabi Nuhu cikin Suratu Hud. Uba yana cikin jirgi yana kiran ɗansa ya hau, ɗan yana cewa dutse zai tsare shi, igiyar ruwa ta raba su, uban ya juya yana roƙon Ubangijinsa a kan ɗan, aka gyara masa, ya nemi gafara. Babu mai karanta wannan ƙissar zuciyarsa ba ta karye ba, babu kuma mai imanin da zai ce an zalunci ɗan. Tausayin yana nan, hukuncin yana nan, ɗaya bai kori ɗaya ba. Abin da aka hana shi ne tausayi ya rikiɗe ya zama jayayya da gaskiya. Wanda ya ce "Allah sarki Yunfa, da ya saurari malaminsa" yana cikin iyaka. Wanda ya ce Gimbana ba laifi ba ce ya tsallake ta.

Masu tsoron wannan magana, kuma mutanen kirki ne da yawansu, za su ce ai ta ƙaramar ɓaraka ruwa ke cin gini: yau a tausaya wa maƙiyin Shehu, gobe a fara tuhumar jihadin, jibi a raina Shehun. Amsata tana cikin littafin da suke karewa. Abdullahi bai keɓe wa Gobirawa zafin alƙalaminsa ba. Kafin yaƙin Alwasa a 1805, nan kusa da Gwandu, rundunar jama'a ta bijire wa shugabanninta ta wawashe wani gari da ke zaman amana da ita, aka kuwa sha kashin da ya ci rayuka da yawa, har abokan gaba suka iso bakin Gwandu kafin a kore su. Abdullahi bai ɓoye wannan ba, ya kuma danganta masifar da saɓon da aka yi. Wajen 1807 abin ya ishe shi, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Ƙasa Mai Tsarki, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya komo. Waƙoƙinsa na wannan lokacin kuka ne a kan mutanensa, waɗanda ya ga son mulki da tara dukiya sun fara cinye su tun ba a gama yaƙin ba. A lura da kyau: laifin da ya gani a jikin nasa shi ne ainihin laifin da aka yaƙi Yunfa a kansa. Mawaƙin da ya rubuta haka yana gaya wa mai karatu ne cewa halin Yunfa ba gadon Gobirawa ba ne, ciwo ne da ke kama duk wanda giyar mulki ta ɗiba, ko da jiya yana sahun gaba a Kwatto. Wanda ya karanta baitocin gudun Yunfa yana tafi, ya zo baitocin kukan Abdullahi a kan jama'a ya yi sauri ya wuce, shi ne ya saɓa wa marubucin. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma Abdullahi ya ƙi taka nasa.

Ba shi kaɗai ba ne a gidan. Muhammadu Bello, da yake rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya kwafi wasiƙar Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno a cikin littafinsa, wasiƙar da take tuhumar jama'a a kan yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, take kafa hujja da cewa saɓo ba kafirci ba ne, kuma irin abubuwan da ake zargin Barno da su ana samunsu a wasu manyan ƙasashen Musulmi. Bello ya ba da amsa, amma sai da ya bar mutumin ya yi maganarsa da bakinsa. Da yana tsoron mai karatu ya ji nauyin hujjar abokin gaba, ai da ya taƙaita ta a layi biyu ya wuce. Mutanen da suka kafa daular nan sun amince da hankalin waɗanda za su karanta su fiye da yadda wasunmu suka amince da hankalin ɗalibansu a yau.

Akwai kuma masu suka daga ɗaya gefen, kuma irinsu ɗalibi zai fi haɗuwa da su a ajin tarihi ko na adabi, ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke da mazauni a Kalgo ko a wata. Su cewa suke yi ai waƙoƙin nan na waɗanda suka ci yaƙi ne, Yunfa bai bar mana nasa littafin ba, sarki ne kawai da ya yi abin da kowane sarki zai yi in an kafa wata hukuma a cikin tasa, saboda haka a ajiye ƙyamar gaba ɗaya a karanta waƙoƙin a matsayin farfaganda. Akwai gaskiya a rabin maganar. Tazyinul Waraƙati da Waƙar Gewaye, wadda Nana Asma'u ta tsara da Fulatanci ɗan'uwanta Isa ya mayar da ita Hausa, daga sansani guda suka fito, kuma Gobirawan Tsibiri a Nijar da na Sabon Birni suna da nasu yadda suke tuna kakanninsu, wanda ya kamata mai neman tarihi ya saurara. Amma ajiye ƙyamar zalunci ne ga waɗanda aka ja a ɗaure daga Gimbana, domin yana mayar da su ƙididdiga a lissafin siyasa. Kuma, abin da masu wannan ra'ayi ba su lura da shi ba, raini ne ga Yunfa kansa. In aka ce ba shi da zaɓi, halin da ya tsinci kansa ne ya tura shi, an mayar da shi kara a kan ruwa. Mawaƙan jihadi, duk da zafinsu, sun ɗauke shi mutum mai hankali da aka kira ya ji kira, ya auna, ya ƙi. Ba a zargin wanda ba shi da ikon yin dabam. Tausayin da nake karewa ma daga nan yake samun ƙarfinsa, domin abin da ke karya zuciya a labarin Yunfa shi ne cewa da ya so da ya yi dabam.

A nan ne ya kamata a tuna abin da waƙar addini take nema tun asali. Ba kirarin kabila ba ce, wa'azi ce, kuma wa'azi ba ya aiki sai mai sauraro ya ga fuskarsa a ciki. Shi ya sa waƙoƙin wa'azi na Hausa, da suke siffanta azabar lahira, ba sa tsayawa kan Fir'auna da Ƙaruna; sukan gangaro kan mai tauye mudu, da mai cin dukiyar maraya, da alƙalin da ya karɓi toshiyar baki, da mai annamimanci tsakanin maƙwabta, don kowa a taron ya ji an taɓa shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma fa sai in wanen farko mutum ne irin na biyun. In aka mayar da Yunfa dodo marar fuska, hakimin da ke zaune a sahun gaba zai saurari labarinsa hankali kwance, shugaban ƙaramar hukuma ma haka, mai gidan da ya kori mai gaya masa gaskiya ya riƙe mai yi masa fadanci ma haka, don babu ɗayansu da yake ganin kansa dodo. In kuwa aka bar shi a yadda yake, almajirin da ya samu mulki, ya ji tsoron rasa shi, ya fara jin nauyin ganin malaminsa, ya kewaye kansa da masu gaya masa abin da yake so, to, zauren zai yi tsit, domin kowa ya san wani mai kama da haka, wasu kuma a madubi suka san shi.

Wani zai ce to me ya kai mu tono, a bar waƙoƙin yaƙi a cikin gafaka mana, tunda ƙasar nan ta ga jini ya ishe ta. Wannan sukar ta fi sauran nauyi a yankinmu, domin a Kebbi maƙiyin da ke cikin waƙa kakan maƙwabci ne. Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Fodi ya fita bai miƙa wuya ba. Magajinsa Karari ya ci gaba da gwagwarmaya har aka kashe shi a 1831. Yakubu Nabame, wanda ya yi shekaru a hannun Sakkwato, ya ɗaga tutar Kabawa a 1849. Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a fagen yaƙi da su a 1860. Sai a shekarun 1860 aka samu sararin da ake kira Lafiyar Toga, shi ma bai ɗore ba. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, aka rufe babin gabar a idon duniya. Wanda Gwandu take kira ɗan tawaye, a Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu jarumi ne. Yau a Kalgo, a kasuwa guda da sahun salla guda, akwai jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda aka kai wa, da yawa kuma jinin biyun ne ke gudana a jikinsu ta hanyar auratayya. Amma ɓoye waƙoƙin ba zai shafe tarihin ba, zai bar shi ne a bakin masu neman abin gori. Karatun da ke ba tausayi wuri shi ne kaɗai wanda Bakabe da Bagobiri da Bafulatani za su iya zama a kan tabarma guda su yi, kowa bai ji an zagi kakansa ba, kowa kuma bai ji an ce masa ƙarya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, a wata ruwaya saboda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, a wata kuma saboda zagin yana cutar da rayayyu. Bayyana kuskuren mamaci don a ɗauki darasi abu ne dabam da jin daɗin wulaƙancinsa, kuma mai karantarwa ya san bambancin tun daga sautin muryarsa.

Wanda yake shakkar cewa shugabannin jihadi sun san wannan, ya dubi abin da ya faru da Abdussalami, mutumin Gimbana, wanda saboda jama'arsa wutar ta fara kamawa. Malami ne Ba'are, cikin manyan almajiran Shehu da ba Fulani ba. Bayan an ci nasara ya ga rabon da aka ba shi bai kai matsayinsa ba, ya kuma ga abubuwan da ya kira zalunci a hannun wasu masu iko, kokensa ya yi kama da na Abdullahi a wurare da dama. Da Shehu ya rasu a 1817 ya ƙi bin Bello, ya haɗa kai da waɗanda ake yaƙa, aka ci garinsa Kware a farkon 1818, ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Bello ya rubuta Sardul Kalami a kan abin da ya gudana tsakaninsu, ya sa wasiƙun Abdussalami a ciki, har da zarge-zargen da ya yi masa. Mai karanta littafin yana ganin laifin tawayen, yana kuma ganin mutumin da aka fara zalunta ya ƙare a sahun waɗanda suka zalunce shi, kuma babu yadda za a yi ido ya bushe. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu suka gagari Abdullahi, sai da Bello ya kawo ɗauki aka ci garin, a nan ne kuma baffa da ɗa, da suka samu saɓani bayan rasuwar Shehu, suka daidaita, Abdullahi ya yi wa Bello mubaya'a. Abin da aka yi da zuriyar ɗan tawayen shi ne abin lura. Ba a shafe su ba. Ɗansa Buhari ya miƙa wuya, aka karɓa, aka bar shi ya zauna da Gimbanawa a Jega a ƙarƙashin Gwandu, garin ya bunƙasa ya zama babbar kasuwar yankin, sarautarsa kuma ta zauna a gidansu. Daga Kalgo zuwa Jega tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, kuma hakimin garin har yau Sarkin Kabin Jega ake kiransa.